Mugun Sarki ko Mugun Bafade? Buri, Rashin Imani da Biyayya a Shirin Kwana Casa'in a Idon Mai Kallo na Ƙasar Adar

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halaye uku da ke juya taurarin shirin siyasa na Kwana Casa'in, wato buri da rashin imani da biyayya, ta kuma auna su da abin da mai kallo a gundumomin Madawa da Buza da Keita na ƙasar Adar a Nijar ya riga ya sani game da mulki da masu mulki. Hujjar maƙalar ita ce, a cikin halayen nan uku biyayya ce ta fi nauyi, domin da ita ake aiwatar da sauran biyun, kuma ita ce mutumin Adar ya fi ganewa saboda yana rayuwa a cikinta.

Gabatarwa



Hausawa na cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Karin magana ce da ta daɗe tana yi wa masu mulki hidima, don tana ɗauke laifi daga kan rawani ta ɗora shi a kan na zaune a ƙasa. Talaka ma ya riƙe ta, saboda tana ba shi damar yin kuka ba tare da ya ambaci sunan wanda yake tsoro ba. Ina so in gwada ƙarfin wannan magana a kan shirin talabijin guda ɗaya, in ga ko za ta tsaya.

Shirin shi ne Kwana Casa'in na tashar Arewa24. Tashar ta fara aiki a 2014 daga Kano, ana kuma kama ta kyauta ta tauraron ɗan'adam. An fara nuna Kwana Casa'in a watan Afrilu na 2019, ƴan makonni bayan babban zaɓen Nijeriya na wannan shekara, kuma Salisu T. Balarabe ne ya ba da umarni. An gina labarin a wata ƙagaggiyar jiha mai suna Alfawa, inda Gwamna Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, ke neman komawa kan kujera, sai ga wani malamin makaranta, Malam Adamu, ya tsaya masa a gaba. Marubuci Ado Ahmad Gidan Dabino ne ya hau wannan matsayi. Sunan shirin ƙidayar kwanaki ne, kuma wannan ƙidaya ce ta ba zangon farko zafinsa: lokaci na ƙurewa, kowa na bayyana ainihin halinsa.

Me ya haɗa Alfawa da Adar? Harshe ɗaya ne, iyaka kuma kusa take. Gundumar Madawa ta yi iyaka da jihar Sakkwato ta wajen Bangi, samarin Buza da na Keita kuwa sun saba da hanyar kudu tun kakanni saboda cin rani. Wanda ba shi da faranti a kan ɗaki yana samun shirin a waya, ana tura masa a kasuwa ko a fada wurin shan shayi. Amma akwai bambancin da ya kamata mu lura da shi tun farko. Gwamnan jiha a Nijeriya zaɓaɓɓe ne, yana da kasafin kuɗi da majalisa da kwamishinoni a ƙarƙashinsa. Gwamnan jahar Tawa daga Yamai ake naɗo shi, haka ma shugabannin gundumomi. Ke nan mai kallo a Buza ba shi da wata kujera a gabansa da zai ce ga ta Bawa Maikada. Abin da yake ganewa nan take shi ne gidan: ubangida a tsakiya, yaransa kewaye da shi, masu jiran a kira su a zaure, da masu shiga har ɗaki ba sallama. A kan wannan gida na dogara, kuma nazarina ya fi karkata ga zangunan farko na shirin.

Buri

Bahaushe bai ɗauki buri a matsayin aibi ba. Ɗan sarkin da ba ya neman sarauta, raggo ake ce masa a bayan ido. Tarihin Adar kansa da buri ya fara: Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, shi ya ci ƙasar a ƙarshen ƙarni na 17, ya yi sarautar Agadas, ɗan'uwansa ya tuɓe shi wajen 1721, ya dawo Adar ya kafa gidan sarautar da zuriyarsa ke riƙe da ita. Farfesa Djibo Hamani ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa. Har gobe, idan sarki ya rasu a ɗaya daga ƙasashen sarautar wannan yanki, ƴaƴan gida ne ke fitowa takara, masu gari su jefa ƙuri'a, kuma kowa ya san irin zumuncin da ke lalacewa kafin a naɗa rawani. Saboda haka ganin mutum yana son mulki ba zai girgiza mai kallo a nan ba.

Abin da ya bambanta burin Bawa Maikada shi ne ba shi da wani abu a gabansa sai kansa. Ba ya neman kujerar don ya gina wani abu da ya rage, yana nemanta ne don sauka daga kanta na nufin tonon asiri da yankewar hanyar ci, gare shi da duk wanda ke ci a ƙarƙashinsa. Irin wannan buri da tsoro aka cuɗa shi, shi ya sa ba ya ƙoshi. Ɗan Nijar ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya ga 2009, lokacin da marigayi Shugaba Tandja Mamadou ya rusa majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta don ƙarin shekaru uku, sojoji kuma suka kawar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Ba ina kwatanta halin mutanen biyu ba ne, domin Tandja yana da masoya na gaskiya a karkara har yau saboda ayyukan da ya yi musu. Abin da ya yi kama shi ne taron masu kiran tazarce, waɗanda yawancinsu makomar kansu suke karewa.

Malam Adamu kuwa an zana shi a matsayin mutumin da mulki ya zo ya same shi. A nan nake da ja da marubutan shirin, da ma adabinmu baki ɗaya. Mun saba nuna cewa mutumin kirki shi ne wanda sai an roƙe shi, an kai ruwa rana, sannan ya karɓa. Wannan tunani yana da tushe, domin akwai hadisin Abdurrahman ɗan Samura da ya yi hani ga roƙon shugabanci. Amma akwai kuma Annabi Yusuf, wanda a aya ta 55 ta surarsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa saboda ya san zai iya riƙon su. Idan kullum labaranmu na koya wa yaro mai tarbiyya cewa neman kujera rashin kunya ne, to mun bar fagen ga marasa kunya ke nan. Sannan akwai tambayar da talaka ba ya mantawa da ita ko da marubuci ya manta: malamin makarantar da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata, wa ya biya masa kuɗin mota da na fosta da na masu tsaron akwati? Wanda bai da buri yakan zama dokin masu buri. Shirin ya fi ƙarfi a duk inda ya bar mu muka ga wannan matsi a kan Malam Adamu, ya kuma fi rauni a inda ya mai da shi waliyyi.

A taƙaice zan taɓo matar gwamna, Hajiya Rabi. An ba ta buri mai zafi, kuma hakan gaskiya ne ga rayuwa, don kujera ta gida ce gaba ɗaya. Sai dai a yi hattara. Ɗora laifin mai mulki a kan matarsa wata hanya ce ta maimaita karin maganar da muka fara da ita, an dai canza wa bafaden tufafi ne.

Rashin imani

Don a ga siffar muguntar da ke Alfawa da kyau, yana da amfani a ajiye ta kusa da wata. Shirin House of Cards, wanda BBC ta fara yi a Ingila a 1990 sannan Netflix ta sake shi a Amurka a 2013, shi ne aka fi ambata idan ana zancen wasan siyasa na talabijin. Babban tauraronsa na Amurka, Frank Underwood, da hannunsa yake kisa. Shi ya kashe ɗan majalisa Peter Russo, shi ya tura ƴar jarida Zoe Barnes gaban jirgin ƙasa. Yakan kuma juyo ya dubi mai kallo ya gaya masa abin da ke ransa, har mai kallo ya zama abokin sirrinsa.

Babban mutum a ƙasar Hausa ba haka yake aiki ba, kuma Kwana Casa'in ya fahimci wannan. Mai gida ba ya ɓata hannunsa. Magana ce rabi, ko shiru a inda ya kamata a ce a'a, ko a ce a san yadda za a yi da wane. Daga nan umarnin zai gangaro, daga na hannun dama zuwa mai riƙe da jaka, zuwa shugaban ƴan daba, zuwa yaron da aka ba ƙwaya da ƴan kuɗin kashewa. Kafin abin ya isa kan wanda za a cuta, ya bi ta hannu da yawa har ba wanda zai ce shi ne. Kowa aike aka yi masa. Mai gidan kuma gobe zai je jana'iza da babbar riga, ya yi ta'aziyya, ya ba da buhun shinkafa.

A laccarsa da aka buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa halaye goma, daga ciki akwai gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da ladabi da adalci. Abin lura game da azzalumin wasanninmu shi ne ba ya rasa su duka. Yana da karamci, ƙofarsa a buɗe take. Yana da ladabi a gaban malamai da sarakuna. Yana ma da haƙuri, irin na mai jiran lokaci. Waɗanda ya rasa su ne gaskiya da amana da adalci, su kuwa ba a ganinsu a taron suna ko na ɗaurin aure. Wannan ne ya sa ake iya zama da shi shekaru ana yabonsa. Sani Mu'azu ya riƙe wannan matsayi da natsuwar da ta dace, domin da ya fito yana zare ido yana daka tsawa kullum, da mai kallo ya huta, ya ce ai ni ban san irin wannan ba.

Akwai kuma rashin imanin da ba a zubar da jini a cikinsa, wanda a ganina ya fi kisa yawan gawa. Kuɗin magani da aka karkatar, kwangilar aji da aka cinye, ma'aikacin da aka tura ƙauye mai nisa don ya ƙi sa hannu. Shirin ya yi ƙoƙarin nuna inda wannan ke sauka, a gadon asibiti da gidan talaka. Matar da ta taɓa ɗauko yaro a amalanke daga wani ƙauyen Keita zuwa asibiti ta tarar ba magani, ba ta bukatar a fassara mata wannan fitowa.

Biyayya

Nan ne zan daɗe, domin nan ne maganar take.

Duk hannayen da na lissafa a sama, me ya sa suke miƙuwa? Amsar da ta fi sauƙi ita ce kuɗi, amma ba ta wadatar ba. M. G. Smith, a nazarinsa na 1960 kan mulkin Zazzau, ya nuna cewa barantaka ce ƙashin bayan tsarin sarauta: bara yana ba da hidima da goyon baya, ubangida yana ba da kariya da abinci da muƙami, kuma ɗaukakar bara tana rataye da ta ubangidansa. Jam'iyyun siyasa ba su kashe wannan tsari ba, shiga cikinsa suka yi suka zauna. A Adar abin ya fi haka zurfi. Benedetta Rossi, wadda ta yi dogon bincike a yankin Keita, ta nuna a littafinta na 2015 yadda dogaro da wani mai ƙarfi ya riƙa sauya kama a wannan ƙasa, daga zamanin bauta, zuwa aikin tilas na Faransawa, zuwa zamanin ayyukan agaji. Babban aikin raya karkara na Keita, wanda ya fara a 1984 da kuɗin Italiya, dubban mutane ne suka yi shi, mafi yawansu mata, suna ɗaukar duwatsu ana biyansu da abinci. A ƙasar da damina ke yawan yaudara, hatsin gona kuma ba ya kaiwa wata kaka, samun wanda za ka je wurinsa ranar da rumbu ya ƙare ba kwaɗayi ba ne, dabarar rayuwa ce. Duk mai nazarin da ya zauna a ofis ya la'anci yaran ƴan siyasa bai yi adalci ba in bai fara da wannan ba.

Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ranar biya tana zuwa, kuma ubangida ne ke faɗin abin da za a biya da shi.

Idan aka dubi mutanen da ke kewaye da gwamna a Alfawa, da ma na kowane wasa irinsa, za a ga ba abu ɗaya ya tara su ba. Akwai wanda yunwa ta kawo. Shi ne mafi yawa, shi ne kuma mafi sauƙin tashi, don ranar da aka faɗi zaɓe ko hularsa ba za a gani ba. Akwai wanda burinsa ne ya kawo shi, yana durƙuso yana ƙirga kwanaki. Wannan tsohon baƙo ne a adabinmu. Shi ne Wazirin da Abubakar Imam ya zana a Magana Jari Ce tun ƙarshen shekarun 1930, mai fuskar biyayya a fada, mai ƙulla wa gidan sarki makirci a ɓoye. Mai kallo yana jin daɗin tsanar irin wannan tauraro, kuma tsanarsa ba ta da tsada, tunda ba wanda ke ganin kansa a cikinsa.

Na ukun ne ke hana ni barci. Shi ne wanda yake son ubangidansa da gaske. Wataƙila shi ya biya masa kuɗin makaranta, ko ya yi masa aure, ko ya kai mahaifiyarsa Makka. Ba ya sata, ba ya cin amanar mai gida, ba a sayensa. Duk wani hali da muke yabo yana da shi, kuma da waɗannan halaye ne yake aikata mafi munin aiki, domin shi ake ba abin da ba a iya ba ɗan haya. A House of Cards sunansa Doug Stamper, mutumin da ya kashe yarinyar da yake so don kada ta zama barazana ga ubangidansa. A garuruwanmu ba ya bukatar suna, kowa ya san ɗaya. Idan ana muhawara a fada kan irin wannan tauraro, za ka ji wani ya ce ai ɗan halak ne, bai ci amana ba. Wannan hukunci shi ne matsalar da maƙalar nan take nunawa. Mun haɗa abu biyu da ya kamata a raba: riƙon alkawarin mutum ɗaya, da riƙon amanar jama'a. Wanda ya ɓoye takardar da ke nuna an sace kuɗin rijiya ya cika alkawarin ubangidansa, ya kuma ci amanar ƙauye guda.

Tarihin Nijar ya ƙara wa wannan batu wani ɓangare da wasan Kano bai cika kaiwa gare shi ba. A nan, sau da yawa na kusa ne ke juyawa. A watan Oktoba na 1983, Amadou Oumarou Bonkano, amini kuma mai ba Janar Seyni Kountché shawara kan tsaro, shi ya shirya yunƙurin kifar da shi. Ranar 9 ga Afrilu 1999, dogaran fadar shugaban ƙasa ne suka harbe Ibrahim Baré Maïnassara a filin jirgin sama na Yamai, kwamandansu Daouda Malam Wanké ya hau mulki. Ranar 26 ga Yuli 2023, rundunar tsaron fadar ce ta tsare Mohamed Bazoum, shugabanta Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi ragama. Kowane ɗaya daga waɗannan yana da dalilansa da masu kare shi da masu sukarsa, kuma ba hukunta su ne aikin wannan takarda ba. Abin da nake so a gani shi ne siffar da ke maimaituwa. Inda aka gina mulki a kan biyayya ga mutum, na kusa ba shi da hanya ta uku. Ko dai ya bi har cikin ɓarna, ko ya juya baki ɗaya. Babu wurin da zai tsaya ya ce ranka ya daɗe, wannan ba daidai ba ne, a saurare shi, ya kuma kwana a muƙaminsa.

Alhali kuwa al'adarmu ta san wannan hanya ta uku. Malamai sun karantar da mu cewa ba a yi wa abin halitta biyayya a cikin saɓon Mahalicci. Muna kuma da misalin da ya fi kowane ƙagaggen tauraro. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda son duniya da neman muƙami suka fara shiga cikin jama'ar da shi da yayansa Shehu Usmanu suka tara. Bai yi shiru ba, bai kuma ɗaga takobi a kan ɗan'uwansa ba. Ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki da shari'a, sannan ya koma. Mutum ne da ya fi kowa kusa, ya ƙi abin da ya gani, ya faɗa a rubuce, bai kuma zama maƙiyi ba.

A Kwana Casa'in, wanda ya fi kusa da wannan matsayi shi ne ɗan jarida Sahabi, wanda ya ɗauki amanar mai sauraro sama da ta mai ba da ambulan, ya kuma sha wuya a kan haka. Sai dai shi daga waje yake. Ɗan jarida mai gaskiya da gwamna azzalumi abokan gaba ne tun asali, rikicinsu a fili yake. Wanda nake nema shi ne na cikin gida, wanda ya ci gishirin mai gida, yake kuma ƙaunarsa, amma ya tsaya a bakin wani aiki ya ce ba da ni ba. Rikicin da ke cikin zuciyar wannan mutum ya fi kowace arangama ta ƴan daba zama wasan kwaikwayo.

To ina karin maganarmu ta tsaya? Rabinta gaskiya ne: ba sarkin da ke iya zalunci shi kaɗai, sai da fadawa. Ɗaya rabin kuwa ba ya tsayuwa, domin sarki ne ke zaɓen wanda zai zauna kusa da shi, shi ke ɗaga mai ce masa i, ya nisanta mai ce masa a'a. Bawa Maikada ba fadawansa ne suka ɓata shi ba, tara su ya yi daidai da bukatarsa.

Abin da ya rage wa Adar

Shirin bai rasa cikas ba. A ƙarshen 2019 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta ba da umarnin dakatar da shi tare da Gidan Badamasi, bisa hujjar wasu fitowa da ta ce sun saɓa wa ƙa'idojinta, daga baya kuma ya ci gaba. Tsawon zanguna ma ya rage masa kaifi, don labarin da aka gina a kan ƙurewar lokaci yana wahala idan ya shekara da shekaru. Duk da haka ya tabbatar da cewa Bahaushe zai zauna mako bayan mako yana kallon wasan da ba soyayya ce jigonsa ba.

Amma Alfawa jihar Nijeriya ce, da tsarin Nijeriya. Nijar tana da nata gadon wasan kwaikwayo. A zamanin samariya da bikin matasa na ƙasa, ƙungiyoyi irin ta Yazi Dogo sun yi wasannin Hausa da gidan talabijin na ƙasa ya yaɗa, Janet Beik ta kuma rubuta littafi a kansu a 1987. Labarin da za a ba da ma yana nan birjik. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Yuli 2004, aka samu magadan gari da kansiloli zaɓaɓɓu. An rusa majalisunsu a Afrilu 2024 aka naɗa kantomomi, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa a Maris 2025. Barantaka kuwa ba a rusa ta da doka. Tana nan a zaɓen sarki, da rabon fadamar albasa a kwarin Tarka, da jerin sunayen waɗanda za a sayar wa hatsi mai rahusa, da kwamitin da ke riƙe da kuɗin famfo a ƙauyukan Majiya. A waɗannan wurare ne mutumin Madawa da Buza da Keita ke haɗuwa da buri da rashin imani da biyayya ido da ido, kuma kuɗin da ake magana a kai ƙanƙane ne har kowa zai iya lissafa abin da aka cuce shi.

Kirana ga marubutanmu da ƴan wasa da masu gidajen rediyon karkara na jahar Tawa shi ne su rubuta wannan labari da Adarci, ko da a rediyo za a fara saboda tsadar kyamara. Su kuma ba bafaden da ya ce a'a babban matsayi, su nuna abin da ya rasa saboda faɗinta, da yadda iyalinsa suka ci abinci a shekarar da ta biyo baya.